Ranar da Muka Koyar da Kashe Waya a Kasuwar Babura

Ku da kuke ganin aikin shela ihu ne kawai, ku matso kusa. Jiya na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana cewa wai in aka ba shi lasifika da batir, kafin la'asar ya zagaye Kazaure kaf. To, zagayewa dai za ka zagaye, har Roni da Gwiwa ma in man mota ya kai. Amma bayan ka wuce, wa ya ji? Wanda ya ji ɗin kuma, me ya yi da abin da ya ji? Ni Sabo Mai Shela, furfurar nan da kuke gani a bayan motar wayar da kan jama'a ta fito mini, kuma har gobe ina koyon aikin.

A hannun Baba Ɗanjummai na koya, Allah ya jiƙansa. Shi ne mai majigin ƙaramar hukuma a lokacin, wato mai zagayawa ƙauyuka da farin ƙyalle da injin haska hoto, yana nuna wa mutane yadda ake tsaftace rijiya da amfanin allurar shanu. Na daɗe ina naɗe waya ina goge ƙura kafin ya yarda na taɓa makirufo. Ranar da ya miƙo mini shi a kasuwar Roni, na gyara tsayuwa, na buɗe murya, na shiga karanto sanarwar taki kamar mai karanta labarai a rediyo. Ban kai rabi ba na ji muryata ta ɗauke. Ashe tsohon nan ne ya zare waya daga batir.

Ya ce, "Sabo, da wa kake magana?"

Na ce, "Da jama'a, Baba."

Ya ce, "Nuna mini shi. Wane ne Jama'a a cikinsu? Ɗan gidan wa ne?"

Ya nuna mini wani dattijo da ke ɗaure jaki a gindin darbejiya, ya ce da shi zan yi magana, shi kaɗai, in bai juyo ba to ban faɗi komai ba. Na sake farawa a hankali, na yi sallama, na tambayi lafiyar gona. Dattijon ya juyo. Da ya juyo, na kusa da shi ma suka juyo.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Lasifikar mai faffaɗan baki, in ka sa ta fuskanci iska, maganarka kanka za ta dawo. Batirin mota in ya fara sanyi, muryarka sai ta koma ta mai mura, yara su yi ta kwaikwayonka. Makirufo kuwa hankici nake ɗaura masa, don kada numfashina ya riƙa fashewa a kunnen mutane. Ba a tsayawa kusa da injin niƙa, ba a buɗe baki in an kusa kiran salla, kuma ba a fara shela ba a je an gaida sarkin kasuwa ba. A aljihuna kullum akwai citta da kanumfari saboda maƙogwaro. Masu saurare ma iri-iri ne. Matan da ke cikin gida sun fi kowa ji, shi ya sa nake ɗaga bakin lasifika ta saman katanga. Fulanin da ke gefen kasuwa za ka rantse ba sa jin ka, idonsu na kan shanu, amma bayan kwana biyu sai ka tarar da maganarka a rugar da mota ba ta taɓa zuwa ba.

Na yi shelar taki, na yi ta rigakafi, na yi ta ƙidaya da ta zaɓe, har ta gobarar daji. Sai ga zamanin waya. Wata rana aka tara mu bita, mu masu shela da malaman makaranta da 'yan gidan rediyo. Wata malama ta zauna da mu ta yi mana bayani tiryan-tiryan a kan yadda ɓarayin zamani suke shiga wayar mutum ba tare da sun taɓa aljihunsa ba. Ni abin mamaki ya ba ni ƙwarai. Na yi ta ɗaga hannu har na kusa da ni ya fara zungurina. Yaya mutum yana can wani gari zai zama ni? Ta ce akwai 'yan lambobi da ake turo wa mai waya ta saƙo, su ne makullin shafinsa na hira. Duk wanda ka karanta wa su, ya shiga shafinka, ya kore ka waje, ya ci gaba da magana da mutanenka da sunanka da hotonka. Saƙon da gwamnati take so ya isa ko'ina shi ne kada kowa ya karanta wa kowa lambar nan, ko ya ce daga banki yake, ko daga ofis, ko daga ina.

Na dawo na zauna na sassaƙa maganar har ta zama mai daɗin faɗa: "Lambarka taka ce, ko wa ya kira, kar ka faɗa!" Ni da direbanmu Bitrus muka shiga gari-gari. Bitrus mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasunku daɗi. Kai, ban taɓa yin shelar da ta karɓu kamar wannan ba. 'Yan makaranta suna rera ta, 'yan acaba suna tsokanar juna da ita. In na ce "Lambarka," kasuwa gaba ɗaya sai ta amsa, "Taka ce!" Na ce a raina an gama.

Ashe shekarar da ta fi kowace ba ni wuya ce na shiga. Shela ta karɓu, amma cuta ba ta tsaya ba. Yau ka ji an shiga wayar wani tela a Gwiwa, gobe ta wani malamin firamare a Roni. Kuma duk wanda na tambaya, ya san shelar, ya haddace ta tsaf. Wannan ya tsaya mini a rai. Da a ce ba su ji ba ne, sai in ƙara batir. To sun ji, sun iya, kuma sun faɗa.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne Alhaji Ilu, dillalin hatsi a Babura. Dattijo ne mai sanyin hali, wanda duk jarinsa maganarsa ce. Fatake daga Nijar sukan aiko masa a kan baki kawai, ya tara musu gero da dawa da wake, su zo su kwasa. A gaban rumfarsa muke ajiye mota duk ranar kasuwa, ya sa a kawo mana fura, kuma in na fara shela shi ne kan gaba wajen amsawa. To, shi aka kira, ya karanta lambar. Kafin ya farga, an aika wa fatakensa saƙo da sunansa, wai ya samu gero mai araha, duk mai so ya turo sefa yanzu kafin wasu su riga shi. Wasu suka tura. Wanda ya fi shiga ciki shi ne Isufu, wani falke daga tsallaken iyaka da suka yi shekara da shekaru suna ciniki. Shi ba turawa kawai ya yi ba, har abokansa ya jawo, ya ce shi ne shaidar Alhaji.

Isufu ya zo da mota, babu gero. Alhaji ya rantse ya maya cewa ba shi ya aika ba. A gabana Isufu ya nuna ni da hannu ya ce, "Ga mai shela nan, a tambaye shi. Wa ya fi Alhaji iya wannan magana a kasuwar nan? Mutumin da ke koya wa mutane kar su faɗa, shi ne zai ce mini ya faɗa? Ni ba yaro ba ne."

Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni kamar in nutse. Shelata ce ta zama shaida a kan bawan Allah. Mutane ba su ce masa ɓarawo a fili ba, amma gaisuwa ta gajarce, fatake suka koma wasu rumfuna. Da ya ga haka sai ya rufe tasa, ya koma gida ya zauna. Dillalin da ba a yarda da bakinsa ba, me ya rage masa?

Na je na same shi a zaure wata ranar da hantsi. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ba jaje kaɗai ya kawo ni ba. So nake ka faɗa mini yadda kiran nan ya gudana, daga farko, kada ka tsallake komai." Sai ya fara. Ya ce wani yaro ne ya kira shi, kuma da sallama ya buɗe, cikakkiya. Ya kira shi Baba. Ya tambayi ƙarfin jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi yadda damina ta yi. Ya ce mahaifinsa ya taɓa sayen hatsi a hannun Alhaji, kuma har ya rasu yana yabon gaskiyarsa. Ya yi wa iyayen Alhaji addu'a, Allah ya kai haske kabarinsu. Sai can ƙarshe ya ce wata lamba tasa ce aka turo wayar Baba bisa kuskure, ta neman aiki ce, don girman Allah a taimaka a karanto masa.

Na ce, "To a lokacin ba ka tuna shelar ba?"

Ya ce, "Malam Sabo, na tuna mana. Tana cikin kunnena kamar kana tsaye a kaina. Amma yaro ya yi mini sallama na amsa. Ya yi wa iyayena addu'a na ce amin. Ya haɗa ni da Allah. To in ce masa me? In kashe masa waya yana magana? Ni Ilu? Tun da uwata ta haife ni ban taɓa juya wa mai gaishe ni baya ba."

Na fito ina ta juya maganar. Na koma wurin telan Gwiwa, na koma wurin malamin Roni, na ce su ma su ba ni daga farko. Duk tafiyar ɗaya ce: doguwar gaisuwa, addu'a, sannan roƙo. A hanya na ba Bitrus labari. Ya yi dariya har ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya ce, "Malam Sabo, sai yau ka lura? Ni tun da na zo ƙasar nan ban ga wanda ya iya ajiye waya ba. Sai an yi 'to madalla', 'to a gaida gida', 'to sai an jima', kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara kashewa. Kai kanka haka kake yi."

Gaskiya ya faɗa. Mun koya wa mutane abin da ba za su faɗa ba, amma ba mu koya musu yadda za su fita daga maganar ba. Kuma wannan ba a kunne yake ba, a yatsa yake.

Na kai wa shugabar sashenmu shawara, ta ce a gwada. Ga yadda muka tsara. Bitrus zai shige gaban mota ya ɗaga gilashi, ya zama ɗan damfara. Ni in kira mutum ɗaya daga cikin taro, in ba shi wayata a buɗe yadda kowa zai ji, in kara masa makirufo. Aikinsa guda ne, in an zo kan lamba ya danna jan maɓallin nan na waya ya kashe. Kowa ya san wasa ne, kowa ya ga Bitrus ya shiga mota.

A Gwiwa muka fara, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin tsammanina. Wani mahauci ya fito yana cika baki. Bitrus bai gama sallama ba mahaucin ya kashe. Maimakon a tafa masa, sai taro ya ɗauki "Haba! Haba!" Wata tsohuwa ta ce, "Wannan ba shi da tarbiyya." Kun gani? Mutumin ya yi abin da muka ce, amma jama'a sun hukunta shi nan take. Bayansa wani manomi ya fito, Bitrus ya yi ta jan sa da gaisuwa, manomin yana dariya yana amsawa, har ya karanto lambar ƙaryar da muka tura, sannan ya dafe kai. Wadda ta burge ni ita ce wata mai sayar da daddawa. Ta amsa gaisuwa tsaf, ta ce amin ga kowace addu'a, da aka zo kan lamba sai ta ce, "Ɗana, yi haƙuri, ga mai ciniki ya tsaya mini," ƙit ta kashe. Taro ya ɗauki sowa. Daga wurinta na koyi cewa mutanenmu ƙofar fita suke nema wadda ba ta da rashin kunya. Daga ranar na riƙa cewa kowa ya tanadi uzurinsa tun kafin a kira shi, ko "bari in yi shawara", ko "zan neme ka". Na fi koyo a wasan nan fiye da masu kallo.

Da ranar kasuwar Babura ta kusa, na koma wurin Alhaji Ilu. Na ce ba magana nake so ya yi ba, ya zo kawai ya zauna a gefe ya gani. Ya ƙi. Na sake komawa. Ya ce kunyar idon mutane yake ji. Na ce, "Alhaji, shelata ce aka kafa hujja da ita a kanka, ka bar ni in ga ko wannan za ta yi wani amfani." Don nauyina da yake ji, ya yarda.

Muka ajiye mota a inda muka saba, gaban rumfarsa da ke rufe. Bayan azahar taro ya cika, 'yan hatsi, 'yan kara masu sayar da dabbobi, fatake. Na hango Isufu a tsaye can baya, ya harɗe hannu. Alhaji kuma yana zaune kan benci kusa da tayar mota, ya sunkuyar da kai. Mutum biyu suka gwada, aka yi dariya. Ina neman na uku sai wani daga baya ya ɗaga murya da izgili, "A ba Alhaji Ilu mana, ai shi ne gwani!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Na buɗe baki zan kawar da maganar. Sai na ga Alhaji ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ta yi ƙara, ya ɗauka.

Bitrus bai san wa ke riƙe da wayar ba, don daga inda yake ba ya hango mu. Ya saki murya kamar yadda ya saba, "Salamu alaikum Baba, barka da kasuwa." Alhaji ya amsa. Yaya ƙarfin jiki? Alhamdu lillahi. Yaya iyali? Lafiya lau. Allah ya jiƙan magabata. Alhaji ya ce amin. Kasuwa ta yi tsit, har kukan awaki ana ji daga kara. Sai Bitrus ya kawo maganar lamba.

Alhaji ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ba zan iya karanta maka ba."

Na ji daɗi har cikin raina. Na yi masa nuni da yatsa, danna ja, danna ja. Bitrus kuwa ya ci gaba, "Haba Baba, don girman Allah, ni fa kamar ɗanka ne." Alhaji ya ɗaga babban yatsa ya kai kan jan, ya tsaya. Ya ce, "Na sani, ɗana, ka yi haƙuri." Bitrus ya ƙara roƙo. Alhaji ya ƙara ba da haƙuri. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Mutane suka fara cewa, "Kashe, Alhaji! Kashe mana!" Ya san wasa ne. Ya ga lokacin da Bitrus ya shiga mota. An riga an cuce shi ta wannan hanya, rumfarsa tana rufe a bayansa saboda haka. Duk da haka yatsan nan ya ƙi sauka.

Can ya ɗago kai, idonsa ya yi ja, ya miƙa wayar gaba da hannu biyu, Bitrus na ta magana a cikinta. Ya ce, kuma lasifika ta kai maganar har ƙarshen kasuwa, "Jama'a, wani ya taimaka ya kashe mini. Ni ba zan iya kashe wa mutum waya yana magana ba."

Babu wanda ya yi dariya. Sai na ga taro yana darewa daga baya. Isufu ne. Ya tako har gaban Alhaji, ya tsaya yana kallonsa, ya karɓi wayar, ya danna ja, ya miƙo mini. Sannan ya cire hularsa ya share fuska da ita.

Ya ce, "Alhaji, ashe haka aka yi maka. Ni kuwa na yi ta yawo ina cewa ƙarya kake. Ka yafe ni. Ina makullin rumfa? Motata tana can babu kaya."

Alhaji kuwa yana ta kallon wayar da ke hannuna, damuwa a fuskarsa. Ya juya ya ce, "Haba Isufu, ai da ka bari ya gama maganarsa."

Isufu ya fashe da dariya, hawaye na zubo masa. Ya kama hannun Alhaji, bai saki ba, ya ja shi suka nufi ƙofar rumfa.